Dattijo mai hawan jini da ciwon suga zai iya tattakin Najaf zuwa Karbala?

"Assalamu alaikum likita. Babanmu shekararsa 67, yana da hawan jini da ciwon suga, gwiwarsa ta dama kuma tana damunsa in ya daɗe a tsaye. Ya ƙudiri niyyar zuwa Iraƙi ya yi tattakin Arba'in daga Najaf zuwa Karbala, ni ce zan raka shi. 'Yan'uwana sun ce a hana shi, shi kuma ya ce ai da ƙafa ya taso yana zuwa gona da kasuwa. Zai iya? In zai iya, ta ina za mu fara shiri?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka miki da alheri. Abu biyu kike son sani: ko jikin mai shekara 67 da waɗannan larurori zai ɗauki tafiyar, da kuma yadda za a shirya shi. Ni aikina gashin ƙashi da motsa gaɓɓai ne, kuma dattawa masu shirin Hajji da Umara da ziyara suna cikin waɗanda na fi gani. Abin da na lura da shi shi ne shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci. Kusan duk dattijon da niyya ta cika wa zuciya zai iya tafiyar yini guda. Inda ake rabuwa shi ne safiyar rana ta biyu: ya kwana a ƙasa, ƙafa ta kumbura, cinya ta ɗaure, barci bai ishe shi ba, sannan a ce ya tashi ya sake yin abin da ya yi jiya. Wannan kuwa ba abin da za ku tsaya gardama a kansa ba ne, ke da 'yan'uwanki da Baba. Abu ne da ake gwadawa a gida tun da sauran watanni, jikinsa ya ba da amsa da kansa.

Yadda hanyar take

Arba'in ita ce cikar kwana arba'in daga Ashura, ranar shahadar Imam Husaini, kuma masu ziyara kan taka da ƙafa zuwa haraminsa a Karbala. Tsakanin Najaf da Karbala kimanin kilomita 80 ne. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, kuma an sa wa falwayoyin da ke gefenta lambobi har zuwa 1452, tsakanin kowace biyu kamar mita 50. Ke nan falwaya ashirin kilomita ɗaya, sannan akwai tazarar wasu kilomitoci daga haramin Imam Ali da ke Najaf zuwa inda ƙidayar ta fara. Masu ƙarfi kan cinye ta a kwana biyu zuwa uku. Gefen hanya cike yake da rumfunan hidima da ake kira maukibi, inda ake ba da ruwa da shayi da abinci da wurin kwana kyauta, har da masu matsa ƙafa da tantunan ba da magani. Ta wannan fuska tafiyar ta fi sauƙi ga dattijo, don ba zai ɗauki guzuri mai nauyi ba.

Wahalarta tana wajen zafi da cinkoso. Hukumomin haramin Karbala sun riƙa sanar da halartar fiye da mutum miliyan 20 duk Arba'in a shekarun nan. Ranar Arba'in kuma 20 ga Safar ce, tana matsowa baya da kamar kwana goma sha ɗaya duk shekara: a 2023 ta faɗo farkon Satumba, a 2024 da 2025 cikin Agusta, kuma za ta ɗauki shekaru tana cikin tsakiyar bazarar Iraƙi. A lokacin zafin rana a wannan yanki kan kai digiri 45, wani sa'in ya wuce.

Maganar Baba cewa da ƙafa ya taso gaskiya ce, kuma za ta amfane shi. Kakanninmu ma da ƙafa suka riƙa ratsa Borno da Cadi da Sudan zuwa Makka. Amma su kullum cikin tafiya jikinsu yake, kuma ba sa gaggawa, wasu shekaru suke yi a hanya suna yada zango suna noma. Tambayar da za ki yi wa Baba ita ce, a cikin watan jiya, wace tafiya ce mafi nisa da ya yi da ƙafa? In daga gida zuwa masallaci ne, to daga nan za a fara lissafi.

Zafi ya fi nisa haɗari

Jikin dattijo ba ya jure zafi kamar na matashi. Gumi yana jinkirin fitowa kuma ba ya yawa, ƙishirwa ba ta zuwa da wuri, har ruwan jiki ya ragu sosai bai ji yana son sha ba, ƙoda kuma ba ta iya riƙe ruwa kamar da. Ciwon suga yana ƙara dagula duka ukun. A Hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari waɗanda ba su da izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya cikin rana babu inuwa, kuma a cikinsu akwai tsofaffi da masu cututtuka na dindindin.

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai mu 'yan Arewa ai mun saba da zafi. Sabo da zafi ba gado ba ne da jiki ke ajiyewa. Yana samuwa ne a cikin mako ɗaya zuwa biyu na motsa jiki cikin zafi, yana kuma zubewa cikin 'yan makonni in an daina. Wanda zai tashi daga Kano ko Zariya ko Maraɗi a Yuli ko Agusta daga tsakiyar damina yake fitowa, lokacin da gari ke lumshi, zafin watan Afrilu ya daɗe da wucewa. Zafin Iraƙi kuma busasshe ne, gumi yana bushewa tun kafin ya jiƙa riga. Mutum sai ya ɗauka bai yi zufa ba, sai da yamma ya ga farin gishiri ya zana layi a bayan rigarsa. Saboda haka in da hali ku isa Najaf kwana huɗu ko biyar kafin ku fara, ya riƙa ɗan zagayawa da safe da yamma, jiki ya fara ganewa.

Shan ruwa a kan tsari za a yi, ba sai ya nema ba: kofi ɗaya ko biyu duk rabin awa yayin tafiya, a duba launin fitsari, in ya yi ja-ja ko ya yi ƙaranci a ƙara. Ruwa zalla kuma ba ya wadatarwa in ana zufa yini guda, don gishirin jini na iya faɗuwa, musamman ga mai shan maganin sa fitsari. A tafi da ƙullin gishiri da sukari na ORS, ƙulli ɗaya a lita ɗaya, likitansa ya faɗi nawa zai sha a rana. Ki kula da wani abu da dattawa maza ba sa faɗa wa 'ya'yansu mata: da yawansu suna da matsalar yawan fitsari, sai su rage shan ruwa da gangan don gudun layin banɗaki da wahalar tsugunno. Na sha ganin haka a wajen masu dawowa daga Hajji da ciwon ƙoda. A sa wani namiji ya yi masa wannan maganar tun a gida.

In ya fara jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko murɗewar tsoka, a shigar da shi inuwa, a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi ruwa, tafiyar wannan ranar ta ƙare. In kuwa ya fara sambatu, ya rikice, yana tangaɗi ko ya suma, wannan bugun zafi ne kuma yana kisa. A sheƙa masa ruwan sanyi a jiki, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, ana yi ana kiran masu agaji. A gwada sugansa ma nan take, don faɗuwar suga tana zuwa da irin wannan ruɗewar.

Likitansa da magungunansa

Ban ga Baba ba, ban auna shi ba, kuma sauya magani ba hurumina ba ne. Don haka mataki na farko shi ne ganin likitan da ke duba shi, a faɗa masa nisan tafiyar da zafin wurin ƙarara. A nemi gwajin zuciya na ECG, gwajin ƙoda, gwajin HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, da gwajin ji a tafin ƙafa. Akwai waɗanda nake ce wa kada su yi tattakin ko kaɗan: mai ciwon ƙirji ko haki in ya hau bene, wanda ya samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki a watannin baya-bayan nan, mai gyambo a ƙafa, mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, mai yawan suma, da wanda sugansa ke faɗuwa ba tare da ya ji alama ba. Wanda hawan jininsa ke kaiwa 180 bisa 110 sai an daidaita shi kafin ma a fara atisaye.

A kwashi magungunan duka a leda a kai wa likitan. Masu sa fitsari irin su Moduretic da Lasix suna ƙara zubar da ruwa da gishiri. Lisinopril da losartan na hawan jini suna da kyau, amma in ruwan jiki ya ƙafe suna iya takura ƙoda. A magungunan suga kuwa, Daonil da allurar insulin suna iya kayar da suga in aka yi doguwar tafiya, metformin kuma akan dakatar da shi in gudawa ko amai ya kama mutum. Likita ne zai rubuta abin da za a rage da ranar da za a tsallake, kada a yi da ka. Insulin da tsinken gwajin suga suna lalacewa a zafi, sai a jakar sanyi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali maganin ciwon gwiwa ne. Ibuprofen da diclofenac na haɗiya, in suka haɗu da maganin hawan jini da rashin ruwa a jiki, hanya ce miƙaƙƙiya zuwa ciwon ƙoda. Haka haɗe-haɗen kemis na ciwon jiki da ake ƙullawa a farar leda, sau da yawa akwai waɗannan a ciki har da masu tayar da suga. Ya tsaya a kan paracetamol da man shafawa, ya riƙe sanda a hannun hagu tunda gwiwar dama ce ke ciwo.

Suga kuma ta fuska biyu za a tsare shi. In ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, a ba shi dabino biyu zuwa uku ko rabin kofin lemon kwalba, a sake gwadawa bayan minti 15. Ta ɗaya fuskar, shayin Iraƙi a 'yan ƙananan kofuna yake zuwa, sukari kwance a gindinsa, kuma masu hidima roƙonka suke ka karɓa. Dattijo mai kunya zai karɓi goma kafin azahar. Ya koyi dafa ƙirji ya yi godiya ya wuce.

Ƙafa

Ga mai suga, nan ne ƙaramin abu ke zama babba. Ciwon yana kashe jin tafin ƙafa a hankali, har tsakuwa ta shiga takalmi ya yi kilomita biyar a kanta bai sani ba. Kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya ma yana sirancewa da shekaru. Na ga bororo ɗaya a ɗan yatsa ya zama gyambon da aka yi watanni ana wankewa.

A sayi takalmin tun yanzu, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Kambas mai taushin ƙasa da faɗin gaba ya fi, kuma da shi za a yi atisayen duka. Sabon takalmi ba ya zuwa Najaf. Silifas na banɗaki ne kawai. Tafiya ba takalmi kuwa, wadda za ku ga wasu suna yi don neman lada, Baba kada ya kusance ta, kwalta tana ƙona tafin ƙafar da ba ta ji. Safa marar ɗinki mai kauri a bakin yatsu, wadda ba auduga zalla ba, guda huɗu ko biyar, a canza da zarar ta jiƙe. Kaushi da faso a fara gyara su tun yanzu da man kaɗanya ko basilin kowane dare, ban da tsakanin yatsu, kuma ba da reza ba. A yanke farce a miƙe mako guda kafin tafiya. A hanya, duk sanda ya cire takalmi don alwala, a ɗaga ƙafar a duba ƙasa da tsakanin yatsu da ido. Inda ya yi ja a manna filasta kafin ya tashi. In bororo ya riga ya fito kada a fasa da allura, a kai shi tantin masu magani. Masu matsa ƙafa a maukibi da kyakkyawar niyya suke yi, amma a ce su yi a hankali, kuma kada ya tsoma ƙafa a ruwan zafi sai wani ya taɓa ruwan da hannu.

Atisaye

Daga Babbar Sallah zuwa Arba'in mako goma ne, in an cire kwanakin tafiya da hutun ƙarshe bai fi bakwai ko takwas ba. Wannan ya yi kaɗan ga wanda ya daɗe a zaune. Wata huɗu nake so, uku shi ne mafi ƙaranci. Dalili kuwa, zuciya da numfashi suna sabawa cikin makonni, amma jijiyoyi da gaɓɓai da fatar ƙafa sun fi jinkiri. Shi ya sa a mako na uku ko na huɗu mutum kan ji ƙarfi ya ninka tafiyarsa, sai agara ko gwiwa ta kama shi, a koma baya wata guda.

Watan farko minti 20 zuwa 30 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, da saurin da zai iya hira ko salati numfashinsa bai yanke ba. A riƙa ƙara kaɗan duk mako, kamar kashi ɗaya cikin goma. A wata na biyu a ware rana ɗaya ta doguwar tafiya, daga kilomita shida zuwa takwas zuwa goma sha biyu, da jakar da zai ɗauka a bayansa, kada ta wuce kilo uku ko huɗu. Sau biyu ko uku a mako ya yi aikin ƙarfi: tashi da zama a kujera ba tare da dafawa ba, ɗaga dunduniya yana dafe da bango, da tsayuwa a ƙafa ɗaya kusa da abin kamawa. Ki gwada shi yau: ya rungume hannu a ƙirji, ki ƙirga sau nawa zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30. Ga namiji mai shekarunsa, ƙasa da 12 yana nuna cinya na bukatar aiki. Ya kuma koyi tashi daga ƙasa da tsugunno, don a kan katifa a ƙasa zai kwana. Game da gwiwar, ciwon da ya lafa kafin washegari ba komai, tafiya ma tana taimaka wa irin wannan gwiwa. In ta kumbura ko ciwon ya wuce kwana guda, a rage.

Sai gwajin da na fi dogara da shi, kamar mako uku kafin tashi. Ya yi kilomita 15 ranar Asabar, rabi da asuba rabi da yamma, da takalmin da jakar da sandar. Ya kwana a tabarma ko siririyar katifa. Lahadi ya sake yin 15. Ki auna suga kafin fita da tsakiyar tafiya da bayan dawowa da kuma cikin dare, don suga kan faɗi awanni bayan an gama. Ki auna hawan jini, ki duba ƙafa. In ya wayi gari Litinin da gajiya kawai, yana cin abinci yana zuwa masallaci, to zai iya. In ya kasa gama Lahadi, ko gwiwa ta kumbura, ko suga ya riƙa faɗuwa, ba a fasa ziyara ba, tsarin tattakin za a canza. Ku yi wannan yarjejeniya da shi a gaban 'yan'uwanki tun kafin a fara atisaye, lokacin da zai amince cikin sauƙi. Bayan gwajin a sassauta, kwana goma na ƙarshe gajerun tafiye-tafiye kawai.

A kan hanya

Kada ku bi jadawalin matasan ayarinku. Ga Baba kwana huɗu ko biyar nake ba da shawara, wato falwaya 300 zuwa 400 a rana. A tafiyar dattijo ta kilomita uku a awa, falwaya sittin ke nan duk awa. A tashi kafin asuba ko da an idar da ita, a tsaya kafin tara ko goma na safe, a nemi maukibi mai sanyaya ɗaki a kwanta har rana ta yi sanyi, a ƙarasa bayan la'asar zuwa dare. Duk falwaya hamsin a zauna minti goma ko bai gaji ba. Ranar farko ce ake yin ɓarna, don shauƙi da taron jama'a suna ja, mutum bai ankara ba ya yi falwaya ɗari shida.

In gwajin gida bai yi kyau ba, akwai zaɓi. Motoci suna bin titin da ke gefe, ana iya tafiyar asuba kaɗai a hau mota a ƙarasa zangon ranar. Ana iya farawa daga falwaya ta 1000, abin da ya rage kamar kilomita 23, a raba shi kwana biyu ko uku. Akwai masu tura iyayensu a keken guragu ma. Hukuncin addini da maganar lada na malamansa ne, kuma yana da kyau ya ji ta daga bakin malamin da yake girmamawa, don na lura dattijo ya fi karɓar sassauci daga malami a kan likita.

Ke kanki akwai inda rakiyarki za ta tsaya. Maza da mata daban suke kwana a maukibi, ke nan daga azahar zuwa la'asar da kuma cikin dare, lokutan da suga ya fi faɗuwa, ba kya kusa da shi. Dole a samu namiji a ayarin da ya iya gwada suga, ya san alamomin bugun zafi, kuma Baba yana jin maganarsa. A rataya masa kati a wuya da Larabci: sunansa, cututtukansa, magungunansa, lambar wayarki da ta shugaban ayari. Waya kan ƙi shiga saboda yawan jama'a, don haka kafin kowane zango a tsayar da lambar falwayar da za a haɗu in an rabu, kuma wanda ya riga isa ya zauna nan. A raba magunguna gida biyu, rabi a jakarsa rabi a taki. Takunkumi don ƙura da mura, lema ko hula mai faɗi, da sabulun wanke hannu, don gudawa ga mai suga a wannan zafi tana kwantarwa cikin awanni.

Ku yi ƙoƙari ku shiga Karbala kwana biyu ko uku kafin 20 ga Safar, don cinkoson yana ƙaruwa kullum. Filin da ke tsakanin haramin Imam Husaini da na ɗan'uwansa Abbas kan cika maƙil, kuma a Ashurar 2019 turmutsutsu ya yi ajalin fiye da mutum 30 a wannan gari. Baba ya shiga a lokacin da aka ɗan sarara, yana tsakanin maza biyu, ba shi kaɗai ba. A kuma bar masa sauran ƙarfi, domin a kwanakin ana hana motoci shiga tsakiyar gari, fita ma sai an taka kilomitoci kafin a samu abin hawa. A jirgin dawowa ya riƙa tashi yana motsa ƙafa yana shan ruwa. In kun iso gida a ci gaba da duba ƙafar har mako guda, ya koma wajen likitansa a mayar da magungunan yadda suke a sake gwada ƙoda, kuma in sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya riƙa yi masa wuya, a kai shi asibiti a ranar.